LITTAFIN TSUNTSAYE A OFISHIN HAKIMI

Wannan takarda an shirya ta ne domin Hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da malaman da ke yi musu rubutu. Abin da a ke nema shi ne kowane ofishin gunduma ya ajiye littafi guda, a riƙa rubuta labarin tsuntsayen da a ke gani a bayan gida da bakin gari, da ranar da aka gan su. Wataƙila wani ya ce wannan ai wasan yara ne. To, ba haka ba ne. Tsuntsu ya kan nuna ƙaratowar ruwa, ya kan nuna ɓarnar da ke tafe wa gona, ya kan kuma nuna lalacewar daji tun mutane ba su farga ba. Amma sai an rubuta sa'an nan a ke iya gwada bana da bara.

BAZARA

Kowa ya san shamuwa ita ce mai busharar damina. Ta kan iso garuruwanmu wajen watan Afrilu ko Mayu, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ba ta gudun mutane, mutane kuma ba su taɓa ta. Sa'ad da ta bar mu da kaka ba ɓacewa ta ke yi ba, ƙetare tsakiyar Afirka ta ke yi zuwa ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda daminarsu ke farawa lokacin da tamu ta ƙare. Abincinta fara da tsutsa, sabo da haka abokiyar manomi ce. Sai malami ya rubuta ranar da aka fara ganinta, da yawan sheƙoƙin da ke cikin gari. Amma fa a yi hattara, zuwan shamuwa alama ce kurum, kada a sa talakawa su yi shuka sai ƙasa ta jiƙu sosai.

DAMINA

Da ruwa ya zauna tsuntsaye da yawa su kan sake riga. Belbela, wadda a ke gani fara fat a bayan shanu da rani, sai ta yi jaja-jaja a ka da ƙirji da gadon baya. Namijin marai ya kan zama rawaya da baƙin kai, ya dinga saƙa sheƙarsa a reshe yana surutu. Wanda bai sani ba sai ya zaci baƙi ne suka zo, alhali kuwa 'yan gida ne suka yi adon aure.

A wannan lokaci ne ya wajaba a sa ido kan jan-baki. Ɗan tsuntsu ne ƙarami, nauyinsa bai fi giram 20 da 'yan kai ba, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ainihin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne. Da ruwan farko ya sauka waɗannan 'ya'ya su kan tsiro, abinci ya yanke masa, sai ya yi ƙaura, ba ya komowa sai sabuwar ciyawa ta yi 'ya'ya. Sa'an nan ya taru dubu-dubu a kurmin ƙaya ya yi sheƙa. Alamar kusantowar haihuwa ita ce, yawancin mazan fuskarsu ta kan yi baƙi, bakin matan kuma ya juya daga ja zuwa rawaya. Ƙwan ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana 10, 'ya'yan su tashi bayan kamar mako 2. Tun daga saƙar sheƙa har watsewar taron bai cika wuce mako 6 ba. Ashe ke nan labarin da ya kwana wata guda a aljihun mai unguwa ya riga ya zama tsohon zance.

KAKA

Jan-baki guda ya kan ci hatsi kamar giram 10 a yini. In aka lissafa, garke mai tsuntsu miliyan 1 zai ci buhu 100 mai cin kilo 100 kowace rana, ban da abin da ya kakkaɓe ƙasa. Ya fi son gero da dawa da shinkafa sa'ad da ƙwayar ke da taushi. A kwarin kogin Haɗeja abin ya ƙara tsanani, gama tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sake, ciyawar kacala ta cika fadamu, ta zama makwancin tsuntsayen nan.

Kadan aka ga garke yana wucewa da magariba kamar hayaƙi, sai a lura da wajen da ya nufa kwana 2 ko 3 a jere, domin can makwancinsa ya ke. A rubuta sunan wurin, a aika wa malamin gona na ƙaramar hukuma a ranar, ta bakin Dagaci zuwa Hakimi. Kada kowa ya zuba guba a tafki da kansa. Gubar ba ta zaɓe, za ta kashe kifi da dabbobi da tsuntsayen da ba ruwansu, ta kuma cuci masu shan ruwan.

HUNTURU DA RANI

Da iska ta juya baƙi su kan iso daga Turai, suna gudun sanyin ƙasarsu, sun ƙetare bahar da hamada. Cikinsu akwai wani irin tsattsewa, da ƙananan agwagin ruwa masu sauka a fadamun Haɗeja da Nguru da Dagona ta ƙasar Bade. Sabo da darajar wurin ne aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. A dā Turawa kansu ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba, har a 1822 aka harbo wani babban tsuntsu dangin shamuwa a ƙasar Jamus da mashin Afirka soke a wuyansa. Yanzu masana su kan sa wa tsuntsu ɗan zobe mai lamba a ƙafa. Wanda ya tsinci irin wannan zobe kada ya jefar, ya kawo ofis a kwafe abin da ke rubuce a jiki, da rana da wurin da aka same shi.

A kuma rubuta waɗanda aka daina gani. Dattawa sun san lokacin da ungulu ke cika mahauta, da lokacin da gauraka ke yawo a fadama. Yau akwai garuruwan da yara ba su taɓa ganin ko ɗayansu ba. A 2015 aka sa ungulun gari cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, babban dalili kuwa a ƙasashenmu shi ne kama ta da a ke yi domin haɗa magani. Inda babu ungulu mushe ya kan daɗe a fili, karnuka da ƙudaje su yawaita.

YADDA A KE ƊAUKAN HOTO

Gani ya kori ji. Malami na iya kuskuren suna, gama abin da Sakkwato ke kira da wani suna Katagum na iya kiransa da wani, amma hoto ba ya gardama. Wayar hannu ta isa, in an bi waɗannan ka'idodi:

1. A ajiye kasko da ruwa a inuwar itace a bayan gida, a riƙa sake ruwan kullum domin kada sauro ya hayayyafa. Da rani kurciya da hazbiya da ƙananan tsuntsaye za su zo da kansu.

2. A zauna bayan zana, a huda ƙaramar kafa, a yi shiru. Farar riga da yawan motsi su kan kore su.

3. A ɗauka da hantsi ko da la'asar, rana tana bayan mai ɗauka. Da hazon hunturu sai an matso kusa, in ba haka ba hoton zai yi dishi-dishi.

4. A nemi baki da ƙafa da gefen jiki su fito, da su a ke rarrabe iri.

5. Kada a taɓa sheƙa, kada a sare reshen da ya kāre ta. In uwa ta tsorata ta gudu, hankaka ne zai ci riba.

Kowane hoto a rubuta ranarsa da garinsa a littafi. Akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke tattara irin wannan labari daga ko'ina cikin Nijeriya, masananta kuwa sun fi bukatar rana da wuri bisa ga kyan hoto.

Littafin ba ya son wahala. A ja layi huɗu: rana, wuri, sunan tsuntsu, da kimanin yawansa. Muna roƙon Hakimai su riƙa dubawa ƙarshen kowane wata su sa hannu, su kuma umurci Dagatai da sarakunan noma da na ruwa su riƙa kawo labari da wuri. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana amfanin gona, amin.