Lissafin Dubbai A Tsakar Gida

Zancenmu na wannan mako a kan lissafi ne, watau yadda za a koya wa yara tarawa da ɗebewa sa'ad da lambobi suka kai ɗaruruwa da dubbai. Kada wata ta ce wannan aikin malamai ne ta nade hannu. Malama tana da yara cike da aji, ke kuwa naki ne kaɗai a gabanki, kuma kayan aikin duk suna nan a tsakar gidanki.

Ku dubi yadda zamani ya juya mana. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya kankama. Mu nan Madobi maƙwabtansu ne, harkarmu ɗaya. Maza suna noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa, mata suna sayen shanshera su turara su sayar. Kuɗin ma sun canja. A 1973 aka bar fam da sule aka kama naira, kuma a lokacin takardar naira 10 ce babba. A 2005 aka fito da ta naira 1,000. Yau ko cefane da dubbai ake yinsa, balle buhu, balle zubin adashi. Macen da ba ta iya tara dubbai da ɗebe su ba, sai abin da dillali ya gaya mata. Tana iya shan zafin wuta wata guda, ba ta sani ba ko riba ta ci ko uwar kuɗin take ci.

Ga wani abin mamaki da mu malamai muke gani kullum. Yarinya ta iya ba da canji da ka, ba ta kuskure ko na naira biyar. Amma a rubuta mata 47 da 38 a allo a ce ta tara, sai ta rubuta 715. Me ya faru? Ta tara 7 da 8 ta sami 15, ta tara 4 da 3 ta sami 7, ta jera su. A ce ta ɗebe 27 daga 52, sai ta kawo 35, gama ta ga 7 ba ta fita cikin 2, sai ta juya ta cire 2 daga 7. Wannan yarinya ba daƙiƙiya ba ce. Abu ɗaya ya ɓace mata: ba ta gane cewa kowace lamba tana da gidanta ba. Akwai gidan ɗaya, gidan goma, gidan ɗari, gidan dubu, kuma goma na kowane gida su ne ɗaya na gidan da ke hagunsa. Wanda ya gane wannan ya gama da lissafin dubbai, har na miliyoyi.

Kakanninmu sun san wannan dabara tun zamanin wuri. Wani Bature matafiyi, Dakta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya ba da labarin yadda ya ga ana ƙirga wuri a Tasawa, kan hanyarsa ta zuwa. Biyar-biyar ake ja, ashirin su ne hauya, hauya goma a yi tsibi na 200, ko kuwa a yi tsibi na dubu-dubu, sa'an nan 20,000 a ɗura a jaka guda. Kun ga ba wanda ya taɓa ƙirga kuɗi masu yawa sai da ya tsiba su. To, abin da za ki koya wa ɗanki ke nan.

Da fari, ki sa yara su kakkarya kara ko tsinken tsintsiya, tsawon yatsa, kamar ɗari uku. Su ƙirga goma-goma, kowane goma a ɗaure da zare. Ɗami goma kuma a haɗa su a ɗaure da tsumma, ya zama babban ɗami na ɗari. Sa'an nan ki ja layi a ƙasa da gawayi, ki yi gida uku: na dama na tsinke, na tsakiya na ƙananan ɗami, na hagu na manya. Doka ɗaya ce: ba gidan da zai riƙe goma. Da sun cika goma sai a ɗaure, a ƙaura da su gidan gaba.

Yanzu ki ce ta ajiye 47, watau ɗami huɗu da tsinke bakwai. Ƙarƙashinsu ta ajiye 38. Ta haɗa tsinkayen, sun zama 15. Doka ta hana, sai ta ɗaure goma ta kai gidan tsakiya, biyar suka rage. Ɗami huɗu da uku da sabon nan, takwas. Amsa 85. Sai bayan ta yi wannan da hannunta sau da yawa za ki ba ta alli, ki nuna mata cewa ɗayan nan da ake cewa "a riƙe" shi ne ɗamin da ta ɗaure.

Ɗebewa kuwa kwancewa ce. Ta ajiye 52, ki ce ta ba ki 27. Tsinke biyu ne a gidan dama, ba su isa bakwai ba. Ki yi shiru, ki bar ta ta yi tunani. Ba da jimawa ba za ta kai hannu ta kwance ɗami guda, tsinke ya zama 12, ɗami ya koma huɗu. Ta ba ki bakwai da ɗami biyu, 25 suka rage. A makaranta ana kiran wannan aro, amma ni na fi son a ce wa yaro canji, domin aro biyansa ake yi, wannan kuwa kuɗinki ne kika fasa.

Kada ku raina wannan hanya don ta kara ce. A 2019 aka ƙaddamar da wani shiri mai suna KaLMA a makarantun firamare na Wudil da Dawakin Tofa, don yaran aji huɗu zuwa shida. Hanyar koyarwarsa daga ƙungiyar Pratham ta Indiya aka samo ta, inda ake raba yara bisa ga abin da suka iya, a fara musu lissafi da tsinke da ɗami. Abin da aka ɗauko daga Indiya, ga shi zube a bakin murhunki.

In an zo dubbai, kara ya yi yawa, sai a koma kuɗin wasa. Ki yayyanka kwali, ki rubuta 1 da 10 da 100 da 1,000, ki ƙara gida na huɗu. Ki zama mai saye, ita mai sayarwa. A ce cinikin safe naira 2,475 ne, na yamma 1,868. Biyar da takwas 13, a ajiye 3 a kai ɗaya gaba. Bakwai da shida da ɗaya 14, a ajiye 4. Huɗu da takwas da ɗaya 13, a ajiye 3. Biyu da ɗaya da ɗaya 4. Jimla 4,343. Dokar nan ce dai ta tsinke, gidaje ne suka ƙaru.

Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne sifiri. A ce a ɗebe 2,350 daga 5,000, sai yaro ya tsaya, gama gidajen maƙwabta duk wayam. Ki ba ta 'yan dubu biyar na kwali, ta fasa guda ya zama ɗari goma, ta fasa ɗari guda ya zama goma goma, sa'an nan ta biya. Saura 2,650. Ki koya mata kuma hanyar 'yan kasuwa, ta hawa: daga 2,350 a ƙara 50, a ƙara 100, a ƙara 500, a ƙara 2,000, an kai 5,000. Abin da aka ƙara shi ne amsa. Hanya biyu in sun haɗu a wuri ɗaya, lissafi ya yi daidai. Ta saba kuma da gwada aikinta: in ta ɗebe, ta tara amsar da abin da ta ɗebe, ta ga ko uwar kuɗin ta dawo.

Ki lura da bakinmu ma. Yaro ya ji "dubu uku da biyar" sai ya rubuta 35 ko 30005, alhali 3,005 ne. Sifiri mai gadin gida ne, yana zaune don a san gidan ba kowa. Har wa yau, in an ce "dubu ɗari da hamsin" a kasuwa, 150,000 ake nufi, amma mai ji yana iya rubuta 100,050. Tsofaffi kuma in sun ce jaka, naira 200 suke nufi, gama fam ɗari ce a da. Saboda haka ki koya wa 'yarki, in ana zancen kuɗi masu yawa, ta rubuta lambar ta nuna wa mai ita kafin a rabu.

Kada ki tsawaita. Minti goma sha biyar bayan la'asar sun isa, in dai kullum ne. Ban da duka, ban da zagi, gama tsoro yana toshe kai. In ta yi kuskure, ki ce ta sake da kara, ita da kanta za ta gano inda ta kauce. Kada kuma ki ce lissafi na maza ne. Gobe ita ce uwar adashi, ita ce mai riƙe littafin bashi.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Shekara nawa ne daga zuwan Dakta Barth Kano a 1851 zuwa gama madatsar Tiga a 1974? Shekara nawa ne daga fitowar naira a 1973 zuwa fitowar 'yar dubu a 2005? Wata mata ta sayi shanshera ta naira 64,500, ta kashe 7,850 wajen itace da inji da dako, ta sayar da shinkafar 80,000. Nawa ta ci riba? Ku yi, ku koya wa ƙannenku da kara, ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, amin. Sai mako mai zuwa.