Wanda ya iya ajami, ina matsayinsa a takardar gwajin karatu?

Idan ka zauna a shagon wani dattijo a unguwar Briketeri ta Yawunde ko a kasuwar Garwa, ba wuya ka ga littafin bashi a gefensa. Sunan wanda ya karɓi kaya da kuɗin da suka rage, duk da ajami aka rubuta su. Mutumin nan ya yi karatun allo, yana rubuta wasiƙa, amma bai taɓa zama a ajin boko ba. To, ranar da ma'aikacin bincike ya zo da takardarsa, a wane layi zai sa shi, na masu karatu ko na marasa karatu?

Tun 1958 hukumar UNESCO ta ce mai karatu shi ne wanda zai iya karantawa da rubuta gajeren bayani kan rayuwarsa ta yau da kullum, yana kuma fahimtar abin da ke ciki. Shekaru da dama, hanyar gano hakan ita ce tambaya kawai: ka iya karatu da rubutu? Sau da yawa ma maigida ne ke amsawa a madadin kowa a gidan. Wani kunya ke sa shi ya ce e. Wani kuma ya ce a'a, don a tunaninsa boko ake nufi. Haka alƙaluman ke fitowa da gyara a cikinsu.

Shi ya sa aka koma gwada mutum kai tsaye. A binciken lafiya da yawan jama'a na DHS, wanda Kamaru ta gudanar a 2004 da 2011 da 2018, akan miƙa wa mutum kati mai gajeriyar jimla a ce ya karanta. Sai a rubuta ko ya karanta duka, ko wani sashe, ko ya kasa. Akwai kuma wani gurbi a takardar da ya shafe mu: babu kati a harshen da mutumin ya iya.

A 2003 cibiyar ƙididdiga ta UNESCO ta fara wani shiri mai suna LAMP, wanda ke auna karanta labari, da fahimtar takardu irin su fom da jadawali, da lissafi. Nijar na cikin ƙasashen da aka fara gwada shi, kuma Hausa na cikin harsunan da aka yi amfani da su a can. A 2011 kuma cibiyar UNESCO da ke Hamburg a Jamus ta ƙaddamar da RAMAA, don auna abin da ɗaliban ajin yaƙi da jahilci suka koya a zahiri. An fara da ƙasashe 5: Burkina Faso, Mali, Maroko, Nijar da Senegal. A zango na biyu suka zama 12, ciki har da Kamaru da Chadi.

Gaskiya akwai amfani a wannan gwaji. A da, ana auna nasarar ajin manya da yawan sunayen da ke cikin rajista. Mace za ta yi wata shida tana zuwa aji, a ba ta takardar shaida, amma ba wanda ya duba ko za ta iya karanta umarnin shan magani, ko saƙon da ke shigowa wayarta idan an turo mata kuɗi. Gwaji iri ɗaya ga kowa yana nuna ajin da ke koyarwa da wanda ke cin lokacin mutane kawai. Kuma maimakon a raba jama'a gida biyu, yana sa su a matakai: mai gane haruffa, mai haɗa kalma, mai karanta sakin layi ya gane. Muradun ci gaba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 ma suna neman irin wannan awo kafin 2030.

Sai dai ma'auni abin da aka zuba masa yake aunawa. Harsunan hukuma a Kamaru Faransanci ne da Ingilishi. Idan takardar gwaji ta zo da su kaɗai, ko da Hausar boko, dattijon nan mai littafin bashi zai faɗi, alhali ba karatun ne bai iya ba, baƙaƙen ne ba nasa ba. Farfesa Fallou Ngom na Jami'ar Boston ya daɗe yana nuna cewa alƙaluman hukuma a Afirka ta Yamma suna tsallake masu rubutun ajami. Haka nan lissafi: mai sayar da goro za ta yi maka lissafin canji da ka kafin ka ciro waya, amma a ba ta biro da takarda sai hannunta ya ɗauki rawa. Ga kuma nauyin da babba ke ji idan yaron da bai kai ɗansa ba ya zaunar da shi yana masa jarrabawa.

Da irin waɗannan alƙaluma gwamnati da masu ba da tallafi ke yanke inda za a buɗe aji da irin littattafan da za a buga. Idan aka rubuta unguwa a matsayin wadda ba ta san komai ba, sai a fara mata daga sifili, a bar tushen da take da shi. Alhali wanda ya saba haɗa baƙi da wasali a allo ya riga ya san yadda rubutu ke ɗaukar magana, haruffan boko kawai suka rage masa.

Don haka masu tafiyar da azuzuwan manya a unguwanninmu suna da abin tambaya kafin a kawo gwaji: da wane harshe za a yi shi, da wane rubutu, kuma za a nuna wa ɗalibi sakamakonsa ya san inda zai ƙara himma? Mu kuma, duk ranar da mai bincike ya tambaye mu ko mun iya karatu, kada mu yi saurin cewa a'a. Wanda ya iya ajami ya faɗa, ya kuma nemi a rubuta hakan.