Yadda Ake Naɗar Sautin Jitar Lantarki Daga Amfilifaya a Ɗaki da Wayar Hannu

Matashin da ke kaɗa jita a coci ko a wajen biki a Tirkaniya ya san wannan takaicin. A ɗaki amfilifaya tana fitar da sauti mai daɗi, amma da ya naɗa a waya ya sake saurare, sai ya ji ya fashe, ga kuma wani gurnani a ƙarƙashinsa. Da yawa daga nan suke fara tara kuɗin sayen na'urori masu tsada, alhali abubuwa uku ne suka fi ɓata naɗi: inda aka ajiye makirfo, ƙarfin sautin da ke shiga, da hayaniyar wuta da ta unguwa. Dukkansu ana iya gyara su ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Tarihin Mdou Moctar, ɗan Nijar mai kaɗa jita, ya isa ƙarfafa gwiwa. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a shekarar 2008, kuma ta katin memori da Bluetooth waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya kafin duniya ta san shi.

Kayan aiki

Mataki na farko shi ne makirfon da ke jikin wayar. Yana aiki, sai dai an yi shi ne don muryar mutum, shi ya sa ƙarar amfilifaya ke saurin fin ƙarfinsa. Mai amfani da shi ya ajiye wayar kamar rabin mita daga amfilifaya, ya kuma rage ƙara.

Mataki na biyu shi ne makirfo na daban da ƙaramar na'urar da ake kira odiyo intafes, wadda ke mayar da sauti zuwa bayanan da waya ke ganewa. Behringer UMC22 da Focusrite Scarlett Solo suna cikin waɗanda masu koyo suka fi saye. Ana haɗa su da wayar Android ta kebul ɗin OTG, don haka a tabbatar wayar tana karɓarsa kafin a biya kuɗi. A ɓangaren makirfo, Shure SM57 wanda ya fito tun 1965 shi ne aka fi sani a gaban amfilifayar jita, saboda yana jure ƙara kuma ba ya buƙatar wutar 48V. Jabunsa ya yi yawa a kasuwa, saboda haka a gwada kafin a saya.

Manhajar BandLab kyauta ce a Android da iPhone, masu iPhone suna da GarageBand, masu kwamfuta kuma Audacity.

Inda ake ajiye makirfo

Nan ne rabin aikin yake. A haska tocilar waya a kan ragar amfilifaya don a ga da'irar lasifikar da ke ciki, domin ba kullum take tsakiyar akwatin ba. A kafa makirfo santimita 2 zuwa 5 daga ragar.

Idan ya fuskanci tsakiyar lasifika, sautin zai fito da kaifi, wani lokaci har ya soki kunne. Idan aka matsar da shi zuwa gefen da'irar, sautin zai yi taushi da kauri. Wurin farawa mai kyau shi ne inda ɗan ƙullutun tsakiya ya haɗu da sauran takardar lasifikar. Matsar da makirfo da faɗin yatsa biyu kacal yana canja sauti sosai, don haka a naɗi daƙiƙa 20 a wurare uku, a saurara da hedifon, sannan a zaɓa.

A ɗora amfilifaya a kan kujera, a janye ta daga kusurwar ɗaki. Simintin ƙasa da bango suna dawo da sauti cikin makirfo ya cakuɗe. Katifa a jingine da bango da bargo a ƙasa suna rage wannan.

Ƙarfin sauti

A manhaja akwai ma'aunin da ke hawa da sauka. Idan ya taɓa 0 dB ya yi ja, sautin ya fashe ke nan, kuma babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. A kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, a juya maɓallin Gain na intafes har ma'aunin ya tsaya tsakanin -12 da -6 dB. Naɗin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya.

A jikin amfilifaya ma a rage Gain fiye da yadda aka saba a wajen wasa. Ƙazantar sautin da ke burge mutane a taro, a naɗi tana haɗiye zaren jita ya zama ba a bambance su.

Gurnanin wuta da hayaniyar unguwa

Wutar Najeriya tana tafiya ne a 230V da 50Hz, kuma wannan 50 ɗin ne gurnanin da ake ji. Jitar da ke da siraran maganaɗisu, irin na Stratocaster, ta fi tsintar sa. Mai kaɗawa ya nisanci amfilifaya da talabijin, ya riƙa juya jikinsa a hankali har ya sami inda gurnanin ya lafa. A cire waya daga caja, a saka ta a Airplane mode, a kashe fanka. Ƙaramin janareta yakan ƙara ƙazanta a sauti, ban da ƙararsa da ke shiga makirfo. Mai inbata ko amfilifaya mai batir ya gwada su ya kwatanta.

Tirkaniya tana bakin titin Nnamdi Azikiwe, inda tireloli ke wucewa, kuma rugugin injinsu yana ratsa bango. A lura da lokacin da layin gidan ya fi yin shiru a ware shi don naɗi. Da damina, idan ruwa na dukan rufin kwano, gara a haƙura. Da hunturu kuma ƙura tana shiga maɓallan amfilifaya su riƙa ƙaras-ƙaras, don haka a rufe ta da ƙyalle bayan aiki.

Kurakurai biyu masu haɗari

Kada a haɗa ramin Speaker Out da intafes ko waya. Ƙarfin da ke fita daga nan zai iya ƙona su nan take. Ramin Line Out ko na hedifon ne aka tanada don haɗawa kai tsaye. Haka kuma kada a karya ƙafar filogi ta uku da sunan maganin gurnani. Ita ce ke kai wuta ƙasa idan wani abu ya lalace, kuma zaren jita ƙarfe ne a hannun mutum.

Adanawa da turawa

A adana ainihin naɗin a WAV, 24-bit da 48kHz idan manhajar ta ba da zaɓi. Wajen tura wa mai situdiyo ta WhatsApp, a tura a matsayin Document, domin saƙon murya yana matse sauti ya rage ingancinsa. Kafin a tura, a saurara a lasifikar waya, tunda a nan yawancin mutane za su ji shi. Idan kowane zare yana fita a fili a can, naɗin ya yi.