Roni: Yadda Bangaskiya Ke Sauke Wa Zuciya Nauyin Tsoro

Duk wanda ya san ƙasar Kazaure ya san watannin da barci ke yi wa magidanci wuya. Daga Mayu zuwa Yuni manomin Roni da na Gwiwa idonsa na sama, yana fargabar kada ya yi shuka ruwa ya ɗauke. Agusta na kamawa rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, ga zazzaɓin yara. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota da na masarufi suka ƙara hawa, ga kuma labaran 'yan bindiga daga wasu sassan Katsina maƙwabciya. Kiristocin yankin, 'yan tsiraru a cikin 'yan'uwansu Musulmi, suna ɗauke da wannan kaya kamar kowa. To me bangaskiyarsu ta koya musu su yi da shi?

Tarihin ikilisiyarsu kansa amsa ce. Roni na cikin garuruwan da mishan ɗin SIM ya kafa tasha a zamanin Turawa, har da makarantar kwana ta yara maza. Shi kuwa SIM da makoki ya fara. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa Arewa. Kafin 1894 ta ƙare cuta ta kashe Gowans da Kent. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa, zazzaɓi ya sake korarsa, sai a 1902 aka samu kafa tasha a Patigi. Daga baya mishan ɗin ya riƙe aikin jinyar kutare a Yadakunya kusa da Kano da Babbar Ruga a Katsina, a lokacin da ba cutar da ake gudu kamar kuturta. Daga wannan tushe ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Waɗannan mutane sun san tsoro sarai, amma ba su bar shi ya zaɓa musu hanya ba.

Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932, bai ɓoye raunin bayin Allah ba. Annabi Iliya ya gudu jeji don tsoron Yezebel, har ya roƙi mutuwa. Kafin Ubangiji ya yi masa wata magana mai nauyi, sai da ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa. Yesu Almasihu kansa ya shiga matsanancin baƙin ciki a Getsamani, ya kai shi gaban Uba cikin addu'a. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa cewa su mai da damuwarsu roƙo tare da godiya. A Matiyu sura 6 kuma Yesu ya nuna wa almajiransa tsuntsaye, waɗanda Uba ke ciyarwa. Manomi ya fi kowa gane wannan darasi: huɗa da shuka da noma nasa ne, saukar ruwa na Allah ne. Damuwa takan fara ne sa'ad da mutum ya ɗora wa kansa rabon da ba nasa ba.

Inda aka fi ganin wannan a aikace shi ne taron Zumuntar Mata. Bayan waƙa da kiɗa, sai a buɗe fili don abin addu'a. Wata dattijuwa ta miƙe ta ce ɗanta ya tafi cirani, wayarsa ta daina shiga. Shugabar zumunta ta ce mata, "Mama, ki kwantar da hankalinki, Ubangiji yana sane da shi." A sunkuyar da kai a ambaci sunan yaron. Kafin a watse, wata ta yi alkawarin sa ƙaninta ya bincika a tasha, wata ta auno mata hatsi. Matsalar ba ta gushe nan take ba, amma ta tashi daga wuyan mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai abu biyu da ya wajaba a kiyaye. Na farko, masu mai da tsoro jari, waɗanda ke ce wa mai ciwo maita ce ko sammu, su karɓi kuɗinsa da sunan addu'a. Bishara ta zo ne ta 'yantar da mutane daga tsoron iskoki da mayu, duk wanda ya mayar da su can ya ci amanarta. Na biyu, damuwar da ta hana mutum ci da barci makonni ciwo ce, tana bukatar likita. Kai irin wannan ɗan'uwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne, kamar yadda mishan na farko ba su raba addu'a da magani ba.

Saboda haka ina kira ga fastoci da dattawan ikilisiya a Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura: kada ku tsawata wa mai tsoro, ku zauna ku ji ta bakinsa. Ku koya wa matasa su faɗi abin da ke damunsu da sunansa a gaban Allah, sannan su tashi su yi abin da ke hannunsu. Wanda ya yi nasa, ya bar wa Ubangiji sauran, ya cancanci ya kwanta ya yi barci.