Kukri: wuƙar Nepal da ta yi suna a duniya, maƙerinta bai yi ba

A shekarar 2003, wasu kamfanonin Amurka biyu masu cinikin tsoffin makamai sun saye rumbun makaman sojojin Nepal da ke cikin wani tsohon gidan sarauta mai suna Lagan Silekhana, a birnin Katmandu. Kayan da aka kwashe sun kai kimanin tan 430: bindigogi fiye da 50,000, igwa, takubba, da dubban wuƙaƙe masu lanƙwasa, wasunsu sun haura shekara ɗari suna jibge cikin ƙura. Wuƙaƙen nan, waɗanda ake kira kukri ko khukuri, yau suna rataye a ɗakunan masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai. Mai irin wannan wuƙa na iya faɗin rundunar da ta riƙe ta da zamanin da aka ƙera ta. Abin da ba ya iya faɗi, sai da wuya, shi ne sunan maƙerin.

Wace irin wuƙa ce?

Nepal ƙasa ce ta duwatsu da ke tsakanin Indiya da Sin, mai mutane wajen miliyan 30. A ƙauyukanta kukri kayan aikin gida ce kafin ta zama makami: da ita ake faskare, da sarar ciyawar dabbobi, da yanka nama, da gyaran shinge. Ita ce adda, ita ce gatari, ita ce wuƙar mahauci. A bikin Dashain na mabiya addinin Hindu, wanda ke faɗowa tsakanin Satumba da Oktoba, da babbar kukri ake sare wuyan ɓauna ko bunsuru da sara ɗaya.

Tsawonta, har da mariƙi, ya kan kai santimita 40 zuwa 45, nauyinta kuma giram 450 zuwa 900. Ruwanta ya lanƙwasa zuwa ciki, ya yi faɗi wajen gaba, kaifin yana ta cikin lanƙwasar kamar na lauje. Saboda nauyin ya taru a gaba, sara da ita ya fi kama da na gatari, alhali ana rataya ta a ƙugu.

Kusa da mariƙi akwai wata ƴar tsaga a bakin kaifin, wadda ake kira "cho" ko "kaudi". Ba a haɗu kan ma'anarta ba. Wasu na cewa tana hana jini ko ruwan itace gangarowa hannu, wasu na cewa siffar kofaton saniya ce, dabbar da Hindu ke girmamawa, wasu kuma na danganta ta da mashin abin bautarsu Shiva. Kuben na itace ne da aka lulluɓe da fatar ɓauna, kuma a bayansa ana soke ƙananan ƙarafa biyu: "karda", ƴar wuƙa ta ƙananan ayyuka, da "chakmak", ƙarfe marar kaifi na gyara bakin wuƙa, wanda dā shi ne ƙyastun kunna wuta.

Yadda ta fita duniya

Sunan kukri ya biyo sojojin Gurka. A 1768 sarkin Gorkha, Prithvi Narayan Shah, ya ci Katmandu da yaƙi, ya kafa ƙasar Nepal ta yanzu. Daga 1814 zuwa 1816 jikokin mayaƙansa sun gwabza da sojojin kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya. Turawan sun yi nasara, amma sun sha wuya ƙwarai, har suka fara ɗaukar mutanen cikin rundunarsu tun 1815, yaƙin bai ma ƙare ba. Fiye da Gurka 200,000 ne suka yi wa Ingila yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, kuma 13 daga cikin ƴan Nepal sun sami Victoria Cross, lambar jarunta mafi girma a ƙasar. Da Indiya ta sami ƴancin kai a 1947, an raba rundunonin: huɗu suka bi Ingila, shida suka zauna Indiya. Har yau kukri ce alamarsu. Sojojin Nepal kuwa na cikin waɗanda suka fi yawa a ayyukan kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da na Kwango, Sudan ta Kudu da Afirka ta Tsakiya.

Tare da suna sai tatsuniya. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai Gurka ba ya mayar da kukri kube sai ta sha jini, ko da nasa ne. Ba haka ba ne. Wuƙar da ake zarowa sau da yawa a yini don faskare da yankan albasa, da sharaɗin nan gaskiya ne, da babu mai sauran yatsa a Nepal. Amma labarin na sayar da kaya, shi ya sa dillalai ba su gajiya da maimaita shi.

A maƙera

Masu ƙera kukri ana ce musu Kami, ko Bishwakarma. Gadon sana'ar suke yi, uba ya koya wa ɗa, kuma su ne kusan kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar. Garuruwan da suka yi fice a aikin sun haɗa da Bhojpur, Chainpur da Dharan, duk a gabashin Nepal.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar maƙeri a Maradi ko Damagaram zai gane kayan aikin: gawayi, zuga-zugi, uwar maƙera, masaba, awartaki, magagari. Ƙarfen ma iri ɗaya ne. Maƙeran Nepal sun fi son sifirin na tsoffin manyan motoci, wato faifan ƙarfen nan da ake jerawa ƙarƙashin mota, don yana da ƙwari kuma yana jure lanƙwasa. Ana yanko guntu, a sa wuta har ya yi ja, yara biyu ko uku na dukansa da masaba bi da bi, babban maƙeri na juya shi da awartaki yana fitar da siffa. Babu ma'auni sai ido.

Inda gwaninta take shi ne wajen ƙarfafa kaifi. Maimakon a tsoma ruwan wuƙar duka cikin ruwa, maƙeri ya kan ɗauki buta ya riƙa tsiyaya ruwa a bakin kaifin kaɗai, ƙarfen na ja. Kaifin ya yi tauri, ya riƙe wasa, gadon bayan kuma ya zauna da ɗan laushi, ya shanye ƙarfin sara ba tare da ya karye ba. In ruwan ya yi yawa, bakin ya tsage. In ya yi kaɗan, ya lanƙwashe a sara na farko. Launin ƙarfen kawai maƙeri ke dubawa ya san lokaci ya yi. Daga nan sai a sa mariƙi na itace mai ƙwari ko na ƙahon ɓauna, a liƙe shi da wani ƙaron itace da ake kira "laha". Kube kuwa aikin wasu ne daban, dukawan ƙasar da ake kira Sarki.

Abin da masu tarawa ke nema

Masu tara kukri sun kasu biyu. Akwai masu neman tsofaffi, akwai masu sayen sabbi daga maƙeran da ke raye. Dukansu suna bambanta wuƙaƙen ta siffa. "Sirupate" siririya ce, sunanta daga ganyen wata ciyawa mai suna siru. "Bhojpure" mai faɗi ce da nauyi, ta garin Bhojpur. "Dui chirra" da "tin chirra" suna da kwari biyu ko uku da aka fafe a jikin ruwan don rage nauyi, aikin da ba kowane maƙeri ke iyawa ba. "Kothimora" ta ado ce, mai kube da aka yi wa kwalliyar azurfa, irin wadda ake ba babban soja kyauta ranar da zai yi ritaya.

Akwai kuma na soja, waɗanda Ingilishi suka tsara da lamba: Mark I a farkon ƙarni na 20, Mark II ta yaƙin duniya na ɗaya, Mark III ta na biyu. Abin da sabon shiga ba ya sani shi ne da yawansu a Indiya aka yi su, bisa kwangilar soja, ba a Nepal ba. Suna da daraja a tarihi, amma ba su ne aikin maƙerin ƙauye ba.

Wasu daga cikin wuƙaƙen rumbun Katmandu na ɗauke da rubutu a gadon baya, cikin haruffan Devanagari, mai ambaton Chandra Shamsher, wanda ya yi firaministan Nepal daga 1901 zuwa 1929, tare da alamar runduna da lambar makami. Rubutun na ƙara wa wuƙa kuɗi, domin yana tabbatar da zamaninta. Sunan mai mulki na nan, lambar soja na nan, na maƙeri babu.

Ta gaske da jabu

Inda akwai kasuwa, akwai algus. Shagunan ƴan yawon buɗe ido cike suke da wuƙaƙe masu ƙyalli, wasu da kan zaki na tagulla a gindin mariƙi, waɗanda akasari a Indiya ake yinsu don rataya a bango. Ƙarfensu ba a ƙarfafa shi ba, ba su sara. Akwai kuma sabbin da ake shafa wa sinadari ko a binne cikin ƙasa don su yi tsatsa, a sayar da su a matsayin tsofaffi, da waɗanda ake buga wa hatimin soja na ƙarya.

Masu tarawa na da hanyoyin gwaji. Suna goga magagari a bakin kaifi: in an ƙarfafa shi da kyau, magagarin zamewa yake yi, a gadon baya kuma ya ci. Suna duba ko wuƙar ta fi kauri wajen mariƙi tana sirancewa zuwa tsini, alamar aikin masaba, ba yankan inji ba. Suna duba tsufan: wuƙar da aka yi aiki da ita shekaru ta kan goge inda hannu ke kamawa da inda ake wasawa, tsatsar ƙarya kuwa ko'ina ɗaya take. Suna duba ko kube da wuƙa sun dace da juna. Fiye da duka, suna neman takarda ko shaidar hannuwan da wuƙar ta bi, don dogon labarin dillali ba hujja ba ne.

Wajen ajiya, ƙa'idar ita ce a shafa mai kaɗan, a nisanta ta da laima, kada kuma a goge tsohuwar wuƙa har ta yi ƙyalli, domin duhun nan na tsufa shi ne rabin darajarta. Wajen zarewa, ba a naɗe yatsu a gefen kuben da kaifi yake: tsohon kube na iya tsagewa, kaifin ya fito ta nan.

Doka

Dokar Nepal ta kare kayan tarihi, ta shekarar 1956, ta hana fitar da abin da ya haura shekara 100 daga ƙasar. Mai son fita da abin da ya yi kama da tsoho sai ya kai shi ma'aikatar binciken kayan tarihi a Katmandu, a duba, a ba shi takarda. Cinikin 2003 hukumomin lokacin ne suka yi shi da kansu, amma sakamakon ɗaya ne: wani yanki na tarihin sojan ƙasar ya watsu cikin dubban gidaje a waje. Sabuwar kukri ba ta da wannan matsala, sai dai dokokin duwan da na riƙe makami na ƙasar da za a kai ta, waɗanda suka bambanta.

Wa ke cin riba?

Rashin sunan maƙeri a jikin tsoffin wuƙaƙen na da nasaba da matsayinsa. Kundin dokar Nepal na 1854 ya sa Kami cikin ƙasƙantattun jinsi, waɗanda ba a shan ruwa daga hannunsu. A ƙauyuka da dama, maƙeri kan yi wa gidajen manya aiki shekara guda, a biya shi da hatsi bayan girbi. An soke wannan bambanci a doka a 1963, aka kuma mai da shi laifi da wata doka ta 2011, amma har yanzu ana samun wuraren da ba a barin maƙeri ya shiga ɗakin girkin gidan da ya ƙera wa wuƙa.

Yau sana'ar na fuskantar wata barazana. Matasan Nepal na tururuwa zuwa Katar, Saudiyya, Dubai da Malesiya neman aiki, kuɗin da suke aikowa gida kuma ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar. Ɗan maƙerin da ya ga wahalar ubansa da rainin da ake yi masa ba ya ɗokin gadon masaba. Manoma kuma na samun kayan masana'anta masu araha.

A nan ne kuɗin masu tarawa ke da tasiri. Odar da ke zuwa ta intanet daga Amurka da Turai ta rayar da maƙeru da dama a Katmandu da Dharan, wasu kamfanoni kuma sun fara barin maƙeri ya buga alamarsa a jikin wuƙa, har masu saye na neman aikin wane da sunansa. Sai dai tsakanin maƙera da mai saye akwai mai kamfani, da mai shago, da mai jigila, kuma kowa na cire nasa kafin na maƙeri. Tsohuwar wuƙa kuwa, komai tsadar da ta yi a gwanjo, ko sisi ba ya komawa Nepal.

Lamarin ba baƙo ba ne a Nijar, inda takubban Abzinawa da sauran aikin maƙera ke tafiya Turai da sunan ƙabila ko na yanki, ba na wanda ya sha hayaƙin gawayi ba. Shi ya sa masu tarawa da suka san abin da suke yi ke ƙara tambayoyi biyu kan na ƙarfe da na shekaru: wa ya ƙera ta, nawa kuma ya shiga hannunsa?