Wasu Sigogin Nahawu a Turancin Yau da Kullum da Muhimmancinsu ga Manhaja

Tsarin Ilimi na Ƙasa na shekarar 1977 ya tanadi a koyar da yaro da harshen uwa a farkon firamare, sannan a koma ga Turanci. Saboda haka yaro Bahaushe kan fara Turanci ne bayan nahawun Hausa ya riga ya zauna masa. Wannan maƙala za ta nuna cewa yawancin kurakuran da malamai ke ja wa jan layi suna bin tsari, kuma ana iya gano tushensu. David Jowitt ya tattara irin waɗannan sigogi a littafinsa Nigerian English Usage na 1991. Ga huɗu daga cikin waɗanda aka fi ji.

Na farko, aikatau masu nuna hali ko mallaka. Bahaushe kan ce "ina da ƙanne biyu", "ina son shayi", "ina jin ka", duk a sigar lokaci mai ci. Sai ɗalibi ya ce "I am having two brothers" ko "I am hearing you". A daidaitaccen Turanci kuwa, irin waɗannan aikatau ba su cika ɗaukar ɗafin "-ing" da wannan ma'ana ba. Abin da ake faɗa shi ne "I have" da "I can hear you".

Na biyu, tambayar neman tabbaci a ƙarshen jimla. Hausa na da siga guda, wato "ko ba haka ba?", wadda ba ta sauyawa. Ɗalibi kan musanya ta da "isn't it?" a ko'ina. Amma Turanci na buƙatar tambayar ta dace da aikatau da wakilin suna: "She came, didn't she?", "They will come, won't they?"

Na uku, amsa tambaya mai korewa. In aka ce "Ba ka ci abinci ba?", wanda bai ci ba kan amsa da "I, ban ci ba." A Turanci amsar ita ce "No, I haven't." Wanda ya ce "Yes" ya nuna ya ci ke nan. Wannan ya fi sauran hatsari, domin yana juya ma'ana baki ɗaya, ko a gaban likita ko a gaban alƙali.

Na huɗu, jam'in sunayen da ba a ƙirgawa. Hausa na da shawara da shawarwari, labari da labarai. Turanci bai yarda da "advices" ko "informations" ba, sai dai "pieces of advice".

Kammalawa

Waɗannan sigogi sun yaɗu a maganar 'yan Nijeriya masu harsuna daban-daban, har ɗalibi kan ji su daga bakin manya, don haka tsawa ba ta kawar da su. Amma masu duba jarrabawar WAEC da NECO na ɗaukar su kuskure. Ya kamata masu tsara manhaja su ware darussan kwatanta Hausa da Turanci tun daga manyan azuzuwan firamare, inda malamin Hausa da na Turanci za su yi aiki tare. Ɗalibin da ya san inda harsunan biyu suka rabu ya fi saurin gyara kansa.