Minista a Gaban Majalisa: Bin Ba'asin Manufofin Sufuri Daga Abuja Zuwa Nassarawar Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin ikon da kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba majalisun dokoki na bin ba'asin ministoci da kwamishinoni, sannan ta auna wannan iko a kan harkar sufuri. An ɗauki binciken da Majalisar Wakilai ta yi a kan basussukan ƙasar Sin a 2020 a matsayin babban misali, daga nan aka waiwayo Kano. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne majalisa tana da isasshen iko a rubuce, amma lokacin da take yin tambaya, da irin tambayar da take yi, su ne ke rage wa ikon kaifi.

1.0 Gabatarwa

Gidan Gwamnatin Kano yana unguwar Nassarawa, wadda Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa kansu a wajen ganuwa. Zauren Majalisar Dokokin Jiha, mai kujeru 40, yana cikin Sakatariyar Audu Baƙo, tafiyar da ba ta kai ta gajiyar da mai ƙafa ba. A ɗayan ginin ake yanke shawarar wanda zai hau wane titi da abin da zai biya, a ɗayan kuma doka ta ce a tambayi dalili. Sufuri ya dace da gwada wannan dangantaka domin abu biyu ne suka haɗu a cikinsa: kuɗi masu yawa da ake rantowa daga waje, da kuma rayuwar yau da kullum ta ɗan kasuwar Kwari da ɗalibin da ke jiran adaidaita sahu da sassafe.

2.0 Yadda Aka Raba Minista da Zauren Majalisa

A Jamhuriya ta Farko, minista ɗan majalisa ne kamar kowa. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin ya zama Firaminista a 1957, haka kuma Alhaji Inuwa Wada na Kano ya daɗe yana riƙe da ma'aikatar ayyuka, kuma dukansu a cikin zauren suke zama. A irin wannan tsari da aka gada daga Ingila, akwai lokacin tambayoyi da aka keɓe, inda wakili zai miƙe ya tambayi minista a kan gada ko tashar jirgi ta mazaɓarsa, ministan ya amsa nan take a gaban abokan hamayya. A wancan zamani ne, a 1958, Nijeriya ta karɓi rancenta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28, domin harkar jirgin ƙasa, har aka miƙa layin dogo ya isa Maiduguri a 1964.

Tsarin shugaba mai cikakken iko da aka soma a 1979 ya yanke wannan igiya. A ƙarƙashin sashe na 147 na kundin 1999, ɗan majalisar da aka naɗa minista ya bar kujerarsa ke nan da zarar ya yi rantsuwa. Majalisar Dattawa tana tantance shi sau ɗaya, galibi ma ba tare da sanin ma'aikatar da za a ba shi ba, bayan nan shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon sauke shi. Haka kwamishina yake a hannun gwamna bisa sashe na 192. Saboda haka minista ba ya haɗuwa da wakilai sai an aika masa goron gayyata.

A madadin lokacin tambayoyi, kundin ya tanadi wasu makamai. Sashe na 67(2) ya wajabta wa minista halartar kowace daga cikin majalisun biyu idan an gayyace shi domin ya bayyana yadda yake gudanar da ma'aikatarsa, sashe na 108(2) kuma ya ɗora wa kwamishina irin wannan nauyi. Sassa na 88 da 89 sun ba Majalisar Tarayya ikon bincike, da kiran shaidu, da neman takardu, har da ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Sassa na 128 da 129 sun maimaita haka ga majalisun jihohi. Sai dai an gindaya sharaɗi: binciken ya kasance domin yin doka ko gyara ta, ko domin bankaɗo cin hanci da rashin iya aiki da almubazzaranci. Majalisa ba kotu ba ce, ba ta yanke wa kowa hukunci, kuma 'yan sandan da za su aiwatar da sammacinta suna ƙarƙashin ɓangaren zartarwa ne.

Makamin da ya fi waɗannan duka ƙarfi shi ne kuɗi. Ba a fitar da sisin kwabo daga baitulmali sai da dokar kasafi. Dokar Ofishin Kula da Basussuka ta 2003 ta ce ba za a ci bashin waje ba sai an gabatar da sharuɗɗansa ga Majalisar Tarayya ta amince, Dokar Tsantseni a Harkar Kuɗi ta 2007 kuma ta buƙaci a nuna lissafin amfanin aikin a kan abin da zai ci. An taɓa ganin wannan makami ya yi aiki a watan Nuwamba na 2016, lokacin da Majalisar Dattawa ta mayar wa Shugaba Muhammadu Buhari buƙatarsa ta rancen dala biliyan 29.96 saboda babu cikakken bayani a tare da ita.

3.0 Amaechi da Kwamitin Yarjejeniyoyi, 2020

A watan Maris na 2020 Majalisar Dattawa ta amince da shirin rancen dala biliyan 22.7, Majalisar Wakilai ta bi sahu a watan Yuni. Kaso mafi tsoka ana sa ran samun sa ne daga Bankin Exim na ƙasar Sin, kuma cikin ayyukan da aka jera har da layin dogo na zamani daga Ibadan zuwa Kano. Ba a yi wata biyu ba, a ƙarshen Yuli, kwamitin Majalisar Wakilai mai kula da yarjejeniyoyi, ƙarƙashin Ossai Nicholas Ossai, ɗan jam'iyyar PDP daga Jihar Delta, ya zaunar da Ministan Sufuri Rotimi Amaechi yana titsiye shi a kan basussukan Sin.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne wata gaɓa a cikin yarjejeniyar rancen dala miliyan 400 da aka sa wa hannu a 2018, inda Nijeriya ta amince ba za ta fake da kariyar da ƙasa mai 'yanci take da ita ba idan aka kai ƙararta gaban masu sulhu a kan bashin, in ban da kadarorin soja da na jakadanci. Kwamitin ya fahimci wannan a matsayin jinginar da 'yancin ƙasa, jaridu suka ɗauka, magana ta cika gari cewa an sayar da Nijeriya. Amaechi ya amsa da cewa gaɓar tabbaci ce kawai ga mai ba da rance cewa zai iya bin haƙƙinsa, ya kuma roƙi kwamitin ya jinkirta binciken domin Sinawa suna kallo, kada a rasa rancen sama da dala biliyan 5 na layin Ibadan zuwa Kano. A zaman watan Agusta aka yi cacar baki har Kakakin Majalisa Femi Gbajabiamila ya shigo zauren da kansa, daga bisani shugabancin majalisar ya dakatar da binciken kwamitoci har a dawo daga hutu.

A nan akwai abubuwan da suka cancanci a tsaya a kansu. Yarjejeniyar da aka yi ta hayaniya a kanta ba ta jirgin ƙasa ba ce, ta shimfiɗa hanyoyin sadarwar zamani ce. Gaɓar ita kanta sananniya ce a yarjejeniyoyin rance tsakanin ƙasashe da bankuna, domin babu mai ba da kuɗinsa ga wanda ba za a iya kai ƙararsa ko'ina ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Tambayoyin da suka fi shafar mai biyan haraji suna nan a ajiye: nawa kowace kilomita ta ci idan aka kwatanta da irin wannan aiki a Habasha ko Kenya? An yi gasar neman kwangila, ko kuwa sharaɗin rancen ne ya zaɓi kamfanin CCECC? Kuɗin tikitin layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 da aka buɗe a 2016, yana ɗaukar nauyin gudanar da jirgin, balle ya biya rancen dala miliyan 500 da aka gina shi da shi? Ofishin Kula da Basussuka ya riga ya bayyana cewa a ƙarshen Maris na 2020 Sin tana bin Nijeriya dala biliyan 3.121, da kuɗin ruwa kashi 2.5 cikin ɗari, a biya cikin shekara 20 tare da rangwamen shekara 7. Waɗannan alƙaluma sun isa a gina tambaya mai nauyi a kansu.

Amsar ministan ma tana da nata rauni. Cewa a yi shiru don kada mai ba da rance ya ji tsoro hujja ce da za a iya kafawa da ita a rufe kowane bincike, alhali talakan da ake roƙon wakilansa su yi shiru shi zai biya bashin. Amma abin da ya fi ɗaure kai shi ne majalisar da ke tambayar sharuɗɗa a Yuli ita ce ta amince da sabon rance a Yuni. Ihu bayan hari ya fi ɗaukar hankalin 'yan jarida, tambaya kafin sa hannu kuwa ita ce ke iya canza yarjejeniya.

Rancen Ibadan zuwa Kano bai zo yadda aka tsara ba. Ba daidai ba ne a ɗora wa kwamitin alhakin haka kacokan, tun da a lokacin bankunan Sin sun rage ba ƙasashen Afirka rance gaba ɗaya bayan annobar korona. A watan Yuli na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da yankin Kano zuwa Kaduna, kilomita 203, a Zawaciki, aka soma da kuɗin gwamnati. A 2023 aka koma majalisa neman izinin canza mai ba da rance zuwa Bankin Raya Ƙasa na Sin. Layin Kano zuwa Maraɗi kuwa, mai kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, an ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal a kan kusan dala biliyan 1.96.

4.0 Waiwaye Zuwa Kano

A matakin jiha, manyan matakan sufuri sukan fito ne a matsayin sanarwa. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a watan Janairu na 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, doka ta biyo baya. Wannan ana iya yi masa uzurin gaggawar tsaro. Harajin Naira 100 a kullum da ya jawo yajin aikin 'yan adaidaita sahu a Fabrairun 2021, da kuɗin sabunta rajista na Naira 8,000 da ya jawo na Janairun 2022, ba su da irin wannan uzuri. A duka lokutan biyu gari ya tsaya cik, mutane suka taka sayyada zuwa kasuwa da asibiti. A ƙarshen Nuwamban 2022 aka hana adaidaita sahu bin wasu manyan hanyoyi, ciki har da titin Ahmadu Bello da ya ratsa Nassarawa, aka ce motocin bas za su maye gurbinsu, ba a je ko'ina ba aka janye dokar. Tambaya ɗaya a gaban kwamitin sufuri, wato fasinja nawa ke bin hanyar a rana kuma kujera nawa ke cikin motocin da aka tanada, da ta nuna giɓin tun kafin jama'a su tsaya a bakin titi.

Hukumar KAROTA da ke aiwatar da waɗannan matakai doka ce ta majalisar jiha ta kafa ta a 2012, saboda haka sashe na 128 ya ba majalisar cikakken hurumin neman lissafin tarar da take karɓa da harajin da take tarawa. Abin da kan hana amfani da hurumin sananne ne: mafi yawan lokaci jam'iyyar gwamna ce ke da rinjaye, kuma tikitin takara na gaba yana bi ta Gidan Gwamnati. Kishiyar haka ma ba alheri ba ce, kamar yadda aka gani a tsohuwar Jihar Kaduna, inda majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi tantance kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa har ta tsige shi a 1981. Lokacin da aka yi yunƙurin cin bashin Sin domin jirgin ƙasa na cikin birnin Kano a 2020, muryar da ta fi amo wajen tambayar yadda za a biya ta dattawan gari ce, ƙarƙashin marigayi Alhaji Bashir Tofa.

Ingila, inda aka aro lokacin tambayoyi tun farko, ta ƙara wasu ƙa'idoji da ba sa buƙatar canza tsarin mulki. Tun 1979 kowace ma'aikata take da kwamitin da ke bibiyarta, tun 2010 kuma dukan zauren ne ke zaɓen shugabannin kwamitocin ta ƙuri'ar sirri, sannan al'ada ta ɗora wa gwamnati amsa rahoton kwamiti a rubuce cikin wata biyu. Sashe na 101 na kundin 1999 ya ba majalisar jiha ikon tsara ƙa'idojin zamanta da kanta, don haka babu abin da zai hana ta keɓe ranar da Kwamishinan Sufuri zai riƙa bayyana a kai a kai, a kuma wallafa tambayoyi da amsoshinsu.

Buƙatar hakan ta ƙaru tun watan Maris na 2023, lokacin da gyaran tsarin mulki ya cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya mayar da ita jerin da jihohi ke da hannu a ciki. Idan Kano ta sake ɗauko maganar layin dogo na cikin birni, dokar da za ta kafa shi, da kason jiha a cikin kuɗinsa, da amincewar farko ga duk rancen da jihar za ta ci, a zauren Sakatariyar Audu Baƙo za a gabatar da su.